Ranar da Ba Laifi Ya Yi Godiya

A duk unguwar babu mutumin da ya san darajar godiya kamar mai gidan burodin da ke bakin titi. Ya san ta ciki da waje, ya san tsadarta, ya san ba abin wasa ba ce. Saboda haka ya adana tasa wuri guda, bai taɓa ba kowa ba.

Sunan da aka san shi da shi Ba Laifi. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Idan aka fito da burodi ya tashi, ya yi ja, ƙamshinsa ya cika layi, sai ya ɗauki ɗaya ya matsa da babban yatsa, ya jira ya ga ya dawo daidai, sannan ya ce, "Ba laifi." Iyakar yabonsa ke nan. Ranar da babbar 'yarsa ta zo ta ɗaya a jarrabawa, abin da ya ce ke nan. Ranar da aka miƙo masa jikansa na fari a cikin tawul, ya duba fuskar, ya duba 'yan yatsun, ya faɗi haka. Waɗanda suke wurin sun ce saura kaɗan ya matsa jaririn da yatsa.

Kada a ɗauka mugu ne. Ma'aikacinsa bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma in ɗayansu ya kwanta ciwo shi ne na farko a asibiti, ya tsaya a kansa da ledar lemo, ya shaida masa cewa tun farko shi ya jawo wa kansa. Hannunsa a sake yake, bakin ne a ɗaure. Yana kuma da hujja, don shi mutum ne mai tunani. A ganinsa godiya da yis ɗaya suke: ka zuba wa mutum kaɗan, ka juya baya, kafin ka waiwayo ya kumbura ya fi ƙarfin gwangwani. Haka ya gani a wurin maigidan da ya koya masa sana'a, wanda ya rasu bai gode wa kowa ba, ga shi kuma duk yaransa sun zama mutane. Cewa babu ɗayansu da ya taɓa komawa gaishe shi bayan sun tashi, wannan Ba Laifi bai sa shi a lissafi ba.

Gidan burodin ɗaki biyu ne da rumfa. A na gaba ake sayarwa, akwai kanta da tebur da kujerar Ba Laifi, wadda ita kaɗai ce kujera a ginin. A na baya akwai injin kwaɓi, da dogon teburin da ake yanka kwaɓin a auna, da gwangwanaye jere har kusa da rufi. A ƙarƙashin rumfa kuma tanderu ne na bulo mai cin itace, wanda ya girmi yawancin ma'aikatan. Mai kula da shi ana ce masa Sarkin Wuta.

Sarkin Wuta gajere ne marar yawan magana. Hannunsa na dama babu gashi ko ɗaya tun daga wuyan hannu har gwiwa, wuta ta lashe tuntuni, don da shi yake auna zafin tanderu. Sai ya zura shi ciki, ya yi shiru kamar mai sauraron waya, sannan ya ce a sa ko a dakata. Tare suka fara da Ba Laifi tun gemunsu yana baƙi, tun ana kwaɓi da hannu. A tsawon zaman nan hirar da ta fi shiga tsakaninsu ita ce "Ya yi?" da "Ya yi." Ba Laifi yana ɗaukar wannan a matsayin aminci mai zurfi, kuma mai yiwuwa haka ne.

Ana nan sai aka buɗe sabon gidan burodi a tsallaken titi, mai ƙofar gilashi da fanka a rufi. Ba Laifi ya leƙa daga kujerarsa ya ce ba za su ga ƙarshen shekara ba. Mai wurin wani matashi ne mai fara'a, irin mutanen nan da suke gode wa mai gadi don ya buɗe musu ƙofa. Tanderunsa ya ƙi ba shi haɗin kai, burodi yana fitowa sama a ƙone ciki ɗanye. Sai ya tsallako da kansa, ya gaida Ba Laifi da ladabi, ya roƙi a ba shi aron Sarkin Wuta ya duba masa. Ba Laifi ya yarda, don dama yana so a je a gano masa yadda cikin wurin yake.

Sarkin Wuta ya je ya dawo da yamma. Bai kawo rahoton komai ba. Ya zauna a kan buhun fulawa yana kallon tafin hannunsa na dama, kamar wanda aka ba ajiya.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, an gama fitar da gashin safe, ya shigo ɗakin gaba yana goge wuya da tsumma.

"Maigida, ƙarshen wata zan koma tsallake."

Ba Laifi ya ɗauka aron ne kuma. "Tanderun nasu bai gyaru ba?"

"Ya gyaru. Aiki zan koma can."

Ba Laifi ya gyara zama. "Nawa ya ɗora maka a kan nawa?"

"Bai ɗora ba. Yadda kake ba ni haka zai ba ni."

"To, me ya ba ka?"

"Kujera ya jawo mini na zauna. Da na gama ya rako ni har bakin titi, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce ya gode."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

Ba Laifi ya jira ya ji sauran, don bai yarda mutum mai iyali zai tsallaka titi a kan wannan ba. Sauran bai zo ba. Sarkin Wuta ya saɓa tsummansa ya koma rumfa.

Ba Laifi ya san abin da hakan yake nufi. In babu Sarkin Wuta, tanderun nan tarin bulo ne kawai. Shi kansa bayansa ya daina ba shi damar sunkuyawa gaban wuta, kuma masu shayi da masu shaguna ba allon suna suke bi ba, burodi suke bi. Duk inda hannun nan marar gashi ya koma, can za su koma.

Da ya je gida cin abincin rana ya tarar da matarsa tana ninke wanki a kan gado. Ita ma tare suke tun kafin gidan burodin ya sami rufin kwano.

"Kin ji mutumin nan kuwa? Wai zai bar ni don an ce masa an gode."

"Na ji. Matarsa ta faɗa mini tun shekaranjiya."

"Kuma ba ki gaya mini ba."

"Ka tambaye ni?" Ta kaɗe riga ta ninke.

"Yanzu ke a ganinki wannan dalili ne? Shekara da shekaru ina ciyar da mutum."

"Shi kuma shekara da shekaru yana gasa abin da kake ciyar da shi. Malam, magana ce ta baki. Je ka faɗa masa. Ba a cire ta daga jari."

"Ai ke ma ban taɓa faɗa miki ba, ga ki nan zaune lafiya lau."

"Ni don ba ni da tsallaken titi ne."

Ta faɗi haka ba tare da ta ɗago ba, ta ci gaba da haɗa safa. Ba Laifi ya ci abincin ranar bai ji gishirinsa ba.

Kafin ya koma wurin aiki ya yanke shawara zai yi godiyar. Amma shi ma'abocin sana'a ne, kuma kowane mai burodi ya san ba a zuba sabon haɗi a babban kwaɓi kai tsaye. Sai an gwada a ɗan ƙaramin kwano an ga yadda zai tashi. Saboda haka ba zai tunkari Sarkin Wuta ba sai ya gwada a kan wasu tukuna.

Da direba ya fara. Washegari direban ya dawo daga rabon burodi yana kaɗa makulli, Ba Laifi ya kira shi.

"Na'am, Maigida."

Ba Laifi ya yi gyaran murya, ya kalli rufi, ya kalli kanta. "Na gode," in ji shi. Maganar ta fito kamar ana zare tsohuwar ƙusa daga katako.

Direba ya daina kaɗa makulli. "Maigida, wallahi lungun ne ya yi ƙunci. Dama ina da niyyar faɗa maka."

Ta haka Ba Laifi ya san an goge gefen motar da bango tun makon jiya.

Na biyu shi ne Dogo, mai kwaɓi. Shi da ya ji kalmar sai ya miƙa hannu ya kashe injin, ya goge fulawa a gaban riga.

"Korata za a yi?"

"Wa ya yi maganar kora? Godiya na yi maka."

"Ai shi ya sa na tambaya."

Ba Laifi ya nazarci sakamakon, ya ga haɗin ba shi da matsala, ma'aikatan ne cikinsu bai saba ba. Sai ya kai gwajin gida. Da yamma ya gama cin abinci, ya wanke hannu, ya dubi matarsa.

"Abincin nan ya yi daɗi. Na gode."

Ta ajiye kwanon da ke hannunta a hankali. Ta zagayo, ta ɗora bayan hannunta a goshinsa.

"Ina ne yake maka ciwo?"

"Ba ke kika ce in riƙa faɗa ba?"

"Ni na ce. Amma tun da muke ka taɓa bin shawarata? Shi ya sa na ce ba lafiya ba."

Ta aika aka kira mai kemis na kan kwana, ya zo da abin awon jini. Ya ɗaura, ya matsa, ya duba, ya sake ɗaurawa. Ya ce jininsa kamar na saurayi. Wannan ya ƙara tayar da hankalin kowa, don ciwon da awo bai gani ba ai shi ne babba. Da mai kemis zai tafi, Ba Laifi, wanda har yanzu yana cikin gwaji, ya raka shi ƙofa ya gode masa. Mai kemis ya tafi yana girgiza kai. A gaban shagonsa kuwa akwai benci, kuma a kan bencin nan rabin unguwa suke hutawa.

Kafin a ce me, kowa ya san Ba Laifi yana bi yana ban kwana da mutane. Masu sayen burodi suka koma shigowa da sassauta murya. Wani tsohon mai shayi da suka yi shekaru ba sa magana ya zo takanas ya ce su yafi juna, duniya ba wurin zama ba ce. Mai shagon da ke maƙwabtaka da shi ya tambaye shi a hankali ko ya yi tunanin yadda za a yi da ɗakin gaba, don shi nasa shagon ya yi masa kaɗan. Ba Laifi bai gane inda aka dosa ba. Ya ga dai mutane sun yi laushi, ya ɗauka haɗin ne ya fara tashi. Duk wanda ya zo sai ya gode masa, kowane kuma ya fita da tabbacin cewa abin ya yi nisa.

Rannan da rana, an kwashe gashi na biyu ana jiran wuta ta lafa, ya fita rumfa yana ta shirya yadda zai fara. Sarkin Wuta ya riga shi.

"Maigida, na ji abin da ake ciki. Ba ka faɗa mini ba, amma ba komai. Ba zan tafi in bar ka a wannan hali ba. Zan je in ba yaron can haƙuri, ya jira har..." Ya kawar da kai wajen itace. "Har yadda Allah ya yi."

Nan take komai ya warware wa Ba Laifi: mai shayi, mai shago, sassauta murya. Kuma a daidai lokacin ya ga wata ƙofa ta buɗe masa a banza. Ba sai ya yi ƙarya ba ma. Ɗan tari kawai zai yi, ya dafa ƙirji. Ga hayaƙi ma ya taimaka, har tarin ya taso masa a maƙogwaro. "Har yadda Allah ya yi" kuwa zai iya ɗaukar shekaru, tun da an ce jininsa na saurayi ne.

Sai idonsa ya sauka a kan hannun nan marar gashi. Ga mutumin da bai taɓa jin kalma mai daɗi ɗaya daga bakinsa ba, ya shirya saɓa alkawari saboda shi. Ba Laifi yana da aibobinsa, amma tun da ya fara sana'a bai taɓa haɗa fulawa mai kyau da lalatacciya ya sayar wa mutane ba. Ya haɗiye tarin.

"Lafiyata ƙalau," in ji shi. "Gwaji nake yi."

"Gwajin me?"

Ba Laifi ya juya. Ya shiga ɗakin gaba, ya ɗauko kujerarsa, ya ratsa da ita ta ɗakin kwaɓi yana buge gwangwanaye, ya dire ta a gaban tanderu. Dogo da direba suka leƙo ta taga.

"Zauna."

Sarkin Wuta ya zauna a bakin kujerar, kamar mai tsoron za ta ƙone shi. Ba Laifi ya tsaya a kansa, hannu a baya, ya fara magana da muryar mai karanto wa mutum laifuffukansa.

"Shekarar da rumfa ta yi yoyo itace ya jiƙe, kai ka je ka kwaso itacen girkin gidanka a ka. Na gani. Lokacin da mahaifina ya rasu na yi tafiya, na dawo na tarar ko rana ɗaya ba a fasa gashi ba. Abin da na ce maka shi ne an bar tsintsiya a bakin ƙofa. Ina sane. Hannun nan naka, a tanderuna ya ƙare. Duk ban manta ba, ajiye su na yi." Ya tsaya ya nemi ci gaba, ya ga babu. Sai ya sunkuya iyakar yadda bayansa ya yarda, ya kama hannun da hannu biyu kamar zai ɗaga buhu. "Na gode."

A wannan karon ƙusar ba ta yi ƙara ba.

Sarkin Wuta ya janye hannunsa a hankali. Ya dubi hannun, ya juya shi, ya dubi maigidansa sama da ƙasa. Sannan ya gyaɗa kai.

"Ba laifi," in ji shi.

A ɗakin baya Dogo ya yi sauri ya kunna inji babu komai a ciki, don kada a ji dariyarsa.

Ba Laifi ya shanye wannan, don ya san nasa ne aka mayar masa. "To, za ka zauna?"

"Ai ka ce lafiyarka ƙalau. Na riga na yi wa yaron nan alkawari, mai lafiya kuwa ba a saɓa alkawari dominsa. Da bara ka faɗi wannan, da kujerarsa ba ta yi mini daɗi haka ba." Ya miƙe, ya kaɗe wa kujerar toka. "Amma ba zan bar maka tanderu maraya ba. Turo mini Dogo."

Sauran kwanakin watan a bakin wuta Dogo ya yi su. Ya koyi inda tanderun yake da zafin rai da inda yake da sanyin jiki, ya koyi irin itacen da yake yin garwashi da wanda hayaƙi kawai ya iya. Gashin hannunsa ya fara tafiya, yana nuna wa mutane da alfahari. Ranar ƙarshe Ba Laifi ya raka Sarkin Wuta har bakin titi, ya tsaya har ya ga ya tsallaka lafiya, kamar mai raka ɗa makaranta.

Sarkin Wuta bai tafi gaba ɗaya ba. Yawancin safiya, kafin ya shiga wurin aikinsa, yakan biyo ta rumfa ya zura hannu a tsohon tanderun, ya yi shiru, ya ce wa Dogo "Ya yi," ko kuma ya ja masa kunne. Babu wanda ya sa shi. Daga baya ne aka ji cewa Dogo da direba su ma sun riga sun shirya bin sa tsallake, suka fasa. Direba ya ce yanzu har ya saba, in an gode masa ba ya tona wa kansa asiri.

Shi kuwa Ba Laifi ya zama malami a wannan fanni. Ya sayo benci ya ajiye a ɗakin gaba, kuma duk matashin ɗan kasuwar da tsautsayi ya zaunar a kai sai ya sha karatu. Yakan ce godiya da yis ɗaya suke: in babu ita, komai kyan fulawarka ba abin da zai tashi. Yakan ƙara da cewa shi tun yana yaro ya gane haka. Yana cewa ita ta ceci gidan burodinsa, kuma a nan bai yi ƙarya ba, don ƙofa tana buɗe, motar tana fita rabo, yawancin masu shayi ba su gudu ba. Mai shagon maƙwabta ne kawai har yau yake gaishe shi da ɗan sanyin jiki.

A gida ma abin ya zauna. Matarsa ta daina taɓa masa goshi. Kowace safiya idan ta ajiye masa shayi da burodi a faranti sai ya gode mata, ya matsa burodin da babban yatsa, ya jira ya ga ya dawo, ya ce duk garin nan babu kamarsa.

Daga tsallaken titi take sayowa.